Shaidar Taubashi

Shekaru sun wuce da zuwana dutsen nan na bayan Maradun, tun dajin yana shiguwa, amma har yau ba a bar ni na sayar da nama cikin natsuwa ba. Mutum zai zo teburina a kasuwar Mafara ranar Talata, ya sa a yanka masa tsoka, maimakon ya karɓa ya ba na bayansa wuri sai ya jingina ya ce wai yaya aka yi. In na fara, wani ya zo a tsakiya ya ce a koma farko. Abin da ya fi damuna shi ne akwai wani labarin da ya fito daga Bakura, wanda duk shekara yake ƙara ƙiba kamar bijimin da aka turke. Shi ya sa na ce bari in rubuta nawa. Aji huɗu na yi a firamare kafin mahaifina ya yanke hukuncin cewa wuƙa ta fi fensir ciyar da gida, don haka wanda ya ga kuskuren rubutu ya gyara a zuciyarsa.

Sai kun san Alhaji Ɗanjuma kafin ku gane komai. Dillalin shanu ne a Bakura, siriri kamar tsinken tsire, da haƙorin Makka guda wanda ba ya bari leɓe ya rufe. Uwarsa ƙanwar ubana ce. Ke nan taubashina ne, ni ɗan namiji, shi ɗan mace, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ma'anar wannan: ni ne ubangida, shi ne bawa. Shi bai taɓa yarda ba, amma ba a tambayar bawa ra'ayinsa. Tun muna yara Bawa nake kiransa, shi kuma ya ce mini Barunje, sunan da ake tsokanar mahauta da shi. Bai taɓa faɗin alherina ba, ko a gaban surukaina. Ni ma ban taɓa cin amanar zumunci na yabe shi ba.

A shekarar, ɗana na fari, wanda bakina ba ya kama sunansa, ya zo daga Gusau inda yake aikin gwamnati. Zan kira shi Ma'aikaci. Ya durƙusa ya ce ya yi niyyar biya mini kujerar Makka. Na tashi na shiga ɗaki na yi abin da tsoho ba ya yi a gaban 'ya'yansa. To, kafin a biya, wani bijimi da bai gamsu da hukuncin da aka yanke masa ba ya shure ni a gwiwa a kwata. Ta kumbura, kumburin ya sauka, na koma aiki. Sai dai ranar da Ma'aikaci ya sake zuwa ya tarar da ni ina la'asar a zaune, kuma Talata ce, Bawa yana gidan ya zo cin tuwon banza.

Nan Bawa ya gyara zama ya fara ba yaron labarin aikin Hajji. Wai Safa da Marwa duwatsu ne biyu, tsakaninsu ya kai Mafara da Bakura, kuma da gudu ake yi. Wai a Dutsen Arfa ya ga ƙartin Turkawa suna kuka da hawaye. Ya nuna ni da carbi ya ce wannan tsohon ko tudun kwata sai ya huta a tsakiya. Ma'aikaci yana da boko, amma bai taɓa zuwa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ko a bari sai baɗi, gwiwar ta ƙara ƙwari?"

Mai shekaruna in an ce masa baɗi, ya san abin da ake wasa da shi. Sa'o'ina da aka ce wa baɗi, da yawansu yanzu sai dai mu kai musu ziyara bayan gari.

Na tambayi Bawa ko akwai dutse a ƙasarmu da ya kama ƙafar Arfa. Ya ce akwai wani can bayan Maradun da yake hangowa in ya je sayen shanu wajen Fulani, itatuwa har bisa, ba hanya, ba mai hawansa sai birai, amma rabin Arfa ne. Na ce zan hau shi. Ma'aikaci ya yi dariya ya ce in na hau, kuma Baba Alhaji ya shaida da bakinsa, kujera tawa ce bana. Shi a ganinsa raha ce irin ta tsofaffi. Ya shiga mota ya koma Gusau.

Mun tashi a farkon bazara, lokacin da itatuwa suka fara tofo, ɗorawa ta rataya jajayen furanninta, zafi kuma ya fara gwada ƙarfinsa. A gida na ce za mu duba shanu. Guzurina kilishin da na yi da hannuna, gorar ruwa, sanda, da wuƙa, don mahauci ba wuƙa tsirara yake. Bawa kuwa ya iso tashar Mafara cikin babbar riga ta shadda, da takalman da ya sayo a Makka masu ƙasa sumul kamar faranti, da lema. Na tambaye shi ko ɗaurin aure za mu. Ya ce shi mai ba da shaida ne, kuma ba a zuwa gaban shari'a da ƙazanta.

Motar Maradun an cika ta da kwandunan tumatir na 'yan noman rani, mu mutane aka cusa mu a inda ya rage. Ƙarƙashin kujerarmu akwai wata akuya. Ba mu wuce gonakin dam ba sai na ga hannun Bawa ya sauka yana lalubar bayanta, don dillali ba ya iya zama kusa da dabba bai san ƙibarta ba. Ya ce ta yi. Na laluba na ce ƙashi ne da iska. Muka shiga gardama, 'yan mota suka rabu biyu, har direba ya sa baki. Mai akuyar, wata tsohuwa da muka ɗauka barci take yi, ta buɗe ido ta make hannun Bawa da mafici ta ce akuyarta ba ta sayarwa ba ce, gidan 'yarta za ta kai ta, kuma in ya sake taɓa ta sai ya biya sadaki. Daga nan har Maradun hannunsa yana cikin riga.

A Maradun muka tsaya wajen wani mai tsire. Da na miƙa hannu ya ga tabon wuƙa a yatsuna na hagu, ya ce ashe ɗan gida ne, ya shimfiɗa mana buhu. Mutumin kirki ne, Allah ya saka masa. Amma gaskiya ba ta hana zumunci: mutanen Maradun suna yanka tsire da kauri kamar za a yi wa takalmi ƙasa, sannan su binne shi cikin ƙuli-ƙuli don kada a ga abin da suka aikata. Mu a Mafara sai ka hango hasken wuta ta cikin yankan. Na ci tsinke da dama don in tabbatar da laifin. Da ya ji inda za mu, sai ya tambaye mu me muka ajiye a kan dutsen. Wannan tambayar ita ce ta bi mu har ƙarshen tafiya.

Daga nan sai kabu-kabu, mu biyu a kan babur ɗaya. An ɗauki lokaci kafin a tashi, don na ce ubangida ba ya zama a matse a tsakiya, Bawa kuma ya ce Alhaji ba ya zama a tsakiya. Mai babur ya ce shi dai mara nauyi yake so a tsakiya, shari'a ta ba ni gaskiya. Muka yi ta tafiya har muka iso wani faffaɗan gulbi da ya ƙafe, yashi zalla. Mai babur ya ce nan ce iyakarsa, hayin can ba mota, waya ma ba ta kamawa.

A bakin gulbin, ƙarƙashin wata tsamiya, wata Bafulatana tana sayar da fura, kuma ita ce jami'ar iyakar. Ba ta nemi fasfo ba, amma ta tambayi garinmu, unguwarmu, sana'armu, da wanda za mu sauka wurinsa. Da ta ji ɗaya mahauci ne ɗaya dillali, sai ta waiwaya ta dubi wajen da shanunsu suke kiwo, kamar tana ƙirga su. Furarsu ba sukari, nonon kuma tsaminsa sai da ya sa haƙorin Makka ya ɓuya. Bayan mun shanye ta nuna mana hanya da ludayi, muka tsallaka.

Ba zan faɗi sunan ƙauyen da muka sauka ba, don na ci tuwonsu. Mai garin dattijo ne mai sanyin magana. Muka gaisa, ya tambayi gida, iyali, gajiya, zafi, kasuwa, shanu, ya koma kan gida ya sake zagayowa, duk dutsen yana tsaye bayan zaurensa ba wanda ya kalle shi. Mun tarar ana watanda: wata saniya ta karye, an yanka ta, an haɗu za a raba. Jama'a, na ga abin da ban taɓa gani ba. Da gatari suke sara, tsoka da ƙashi da tumbi duk a haɗe, kamar masu faskare. Na daure, na kau da kai, na kasa. Na zare wuƙata na nemi izini, na feɗe musu abin da ya rage yadda ake yi a birni, tsoka gefe, ƙashi gefe, kayan ciki a wanke. Da na gama na ja baya ina jiran godiya. Suka zagaye kason suna kallo. Can wani ya ce baƙon ya rage musu saniya. A wurinsu kaso in bai yi tudu da ƙashi ba, ba nama ba ne. Sai da aka mayar da ƙasusuwan aka cakuɗa kafin hankali ya kwanta. Bawa ya ba su haƙuri a madadina, ya ce haka nake yi wa mutanen Mafara shekara da shekaru.

Mai gari ya ce dutsen ba shi da hanya, maharba ne kawai da masu ɗiban zuma suke shiga, kuma yanzu kowa yana sharar gona, ba wanda zai raka mu. Ya ce mu sa rana a kafaɗar dama mu miƙe sama, kada mu bi komai. Muka kwana a zaure, muka yi asuba, muka kama hanya.

Ba mu yi nisa cikin itatuwa ba Bawa ya tsaya ya duƙa. Sawun shanu ya gani. Nan take ya manta da mai gari. Ya ce garke ne mai kyau, akwai bijimi mai nauyi a gaba, akwai wata mai ciki, akwai ɗan maraƙi mai ɗingishi. Ya tsinci kashin ya murza ya ce jiya suka wuce. Ni ma, in faɗi gaskiya, da na ga faɗin kofaton bijimin sai da na fara raba shi a zuciyata. Muka ce ai inda saniya ta bi mutum zai bi. Hanya ta yi daɗi, ba ƙaya, ba hawa, muna tafe muna gardamar ko bijimin fari ne ko baƙi. Har na fara tunanin in Arfa ninki biyu ne na wannan, to da gudu zan hau shi. Da hantsi ya ɗaga sai ga mu a bakin wani ɗan tafki a bayan dutsen, ƙasa da inda muka faro. Shanun ruwa suka zo sha. Saniya ba a yi mata alkawarin kujera ba, ba ta da dalilin hawa dutse.

Daga nan muka fuskance shi kai tsaye. Ƙasan duk busasshen ganye ne mai santsi, samansa sabon tofo ja-ja, ƙudan zuma suna ta hidima a kanmu. Tsakanin itatuwan kuma sarƙaƙiya ce, ita ce ta karɓi harajin babbar riga. Duk inda muka ratsa sai ta yagi rabonta. Bawa yana salati, shadda tana raguwa, har ya koma kamar tutar da ta shekara a kan sanda. Na ba shi shawara ya buɗe lema ya kare mutuncinsa.

Gwiwar ta fara magana wajen rabin hawa. Wurin duwatsu ne manya, sai ka kama saiwa ka ja jikinka. Na zauna a kan wani na shafa ta, na ce mata a hankali, yadda Bawa ba zai ji ba, in ta kai ni yau, ni kuma zan kai ta ta durƙusa a inda ubana da kakana suka yi ta fata ba su samu ba. Ban ce ta ji ba. Na dai tashi, ta kuma ɗauke ni.

Rana ta ɗan karkata muka fito kan wani falalen dutse, gamji guda a tsakiyarsa, ba sauran abin hawa. Iska tana kaɗawa. Can nesa ga ruwan dam yana ƙyalli, ga koren gonakin rani. Na nemi Mafara, garin da nake ɗauka rabin duniya ne, da ƙyar na ga wani ɗan toka-toka kamar inda aka zubar da murhu. Muka yi taimama don ruwan gorar ya yi ƙasa, Bawa ya shiga gaba tunda shi ne Alhaji. A kan duwatsun gefe birai sun jeru suna kallonmu kamar 'yan majalisar bakin kasuwa. Muna raka'a ta biyu na ji takardar kilishi tana ƙara a bayana. Liman ma ya ji, don ban taɓa ganin an yi ruku'u da sujada da irin wannan sauri ba. Da muka sallame, babbansu yana kan gamji yana ci yana lumshe ido. Shi kaɗai ne a tafiyar nan ya yaba aikin hannuna.

Na juya na ce, "To, Bawa, ka gani da idonka. Sai shaida."

Ya kaɗe abin da ya rage na rigarsa, haƙorin nan ya fito. "Shaidar mi? Ni dai a gindin dutse nib bar ka kana barci, ni kaɗai nih hau."

Nan na gane kuskurena. Mafara cike take da limamai da ladanai da dattawan da ba su taɓa ƙarya ba, amma da na tashi neman mai shaida a kan abin da ya fi komai girma a rayuwata, sai na ɗauko mutum ɗaya tak a duniya wanda al'ada ta ɗora wa nauyin ƙaryata ni. Wayata irin mai tocila ce, ba ta ɗaukar hoto. Na ce zan ɗauki dutse in kai. Ya ce duwatsu ai ko bayan gidana akwai su.

Muka juyo. Tsummokaran shaddar da ke rataye jikin ƙaya su suka nuna mana hanya, ka ga ashe rigar ba ta mutu a banza ba. Yana gaba yana tsara yadda zai ba da labarin a kasuwa, har da irin minsharin da na yi. Yana cikin kwaikwayon minsharin takalmin Makka ya hau busasshen ganye. Na ga lema ta yi sama, shi ya yi ƙasa, sai ƙara.

Na same shi a tsakanin duwatsu biyu, fuskarsa ta yi toka. Na kama ƙafar na laluba. Wanda ya shekara yana raba gaɓoɓi ya san karaya in ya taɓa, wannan targaɗe ne, amma mugu, idon sawun har ya fara hawa. Ya gwada takawa ya zube. Rana ta yi ƙasa, kuma mai gari ya ambaci kuraye a cikin hirarsa ta jiya. Bawa ya dube ni. Tunda nake da shi ban taɓa ganin leɓensa ya rufe haƙorin nan ba sai ranar.

Ya ce, "Ummaru, tahi ka kira mutane." Sunana na yanka ya kira.

Na ce in na tafi na dawo sai dai mu tarar da lema. Na naɗe rigata na yi gammo a kafaɗa. Amma kafin in duƙa na tsaya, don akwai abin da ya fi kura. Ɗan namiji ya zama abin hawan ɗan mace, ubangida ya goya bawa, in wannan ya shiga kasuwar Mafara, jikokina ma sai sun gaje shi. Na sa shi ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, ko matarsa. Ya rantse ba gardama. Na saɓa shi a kafaɗa yadda muke saɓa cinyar sa daga kwata zuwa kasuwa, ƙafafu ta nan, hannuwa ta can.

Bai kai cinyar sa nauyi ba, amma cinyar sa ba ta magana. Da farko ba abin da yake yi sai addu'a. Da ya ga muna sauka lafiya, rai ya dawo masa. Ya fara ba ni umarni in bi dama in bi hagu. Can na ji inuwa a kaina, ashe lemar ya buɗe, kuma kansa ya rufe, ni gefenta na samu. Sannan ya fara yi mini irin tsakin da ake yi wa jaki in ya tsaya cin ciyawa. Na ce in ya sake zan ajiye shi in kira biran nan su yi masa jinya. Na huta sau da yawa, na zame sau biyu a kan gindina, gwiwar tana ihu, amma ba ta lanƙwashe ba. Gab da magariba muka iso bakin gonaki. Na sauke shi bayan wata kuka tun kafin ido ya gan mu, na je na kira mutane suka zo da jaki na gaskiya. Muka ce a nan gindin dutse ya faɗi. Maɗorin ƙauyen ya ja ƙafar, Bawa ya kira sunan uwarsa, gwaggona, Allah ya jiƙanta.

Kafin mu huce gajiya labari ya isa Gusau. Ma'aikaci ya zo ransa a ɓace, ya yi mini faɗa cikin ladabi, irin wanda ya fi zagi ciwo. Sannan ya ɗauke ni muka tafi Bakura duba Baba Alhaji. Mun tarar da zauren cike da dillalai da 'yan kasuwar shanu sun zo sannu, shi yana kwance a tabarma, ƙafa a naɗe. Bayan an gama gaisuwa, Ma'aikaci ya tambaye shi ko gaskiya ne mun hau.

Bawa ya dubi rufin zaure ya ce, a hankali, "Ya hau har bisa. Babanka namiji na. Gwiwatai lahiya lau take."

Wani dillali ya taɓa goshin Bawa ya ji ko zazzaɓi ne. Ma'aikaci ya dube shi, ya dube ni, ya yi murmushin da na sani tun yana yaro in ya kama ƙannensa da satar nama. Ya ce shi tun da ya yi wayo bai taɓa jin Baba Alhaji ya faɗi kalma ɗaya mai daɗi a kaina ba, don haka ya gane mun haɗa baki. Ya ce ba laifi, ya san ina son tafiyar, amma lafiyata ta fi, a bari sai baɗi. Ya fara neman takalmansa.

Kun ji irin shaidar taubashi. In ya yi ƙarya ka faɗi, in ya yi gaskiya ba mai yarda.

Na dubi Bawa. Ya dube ni, rantsuwa ta danne shi kamar dutse. Na dubi dillalan nan, mutanen da in sun ji magana da hantsi, kafin azahar ta kai Sakkwato. Na auna mutuncina na ɗan namiji, wanda na yi shekara sittin da wani abu ina kiwo, na auna kujera. Na ce, "Bawa, na warware maka. Hwaɗi."

Mutumin da aka ce ba ya iya motsi sai ga shi zaune. Haƙorin ya fito har yana haska zaure. Ya sa aka ƙara buɗe ƙofa don na waje su ji.

"Jama'a, ku shaida. Ni Ɗanjuma ɗan mace, tun daga bisa dutse har ƙasa a kan wanga Barunje nis sauko. Ban taɓa hawan jaki mai lahiya irinai ba. Ba shi cizo, ba shi harbi, sai dai yawan tsayawa."

Ya kwaikwayi yadda nake nishi. Ya kwaikwayi tsakin. Ya sa aka ɗauko lemar ya nuna yadda ya riƙe ta. Ya ƙara da abubuwan da ba a yi ba, wai na ci ciyawa a hanya. Dillalai suna faɗuwa kan juna, wani har ya fara yi mini kuɗi. Ni ina zaune ina kallon tabarma.

Ma'aikaci bai yi dariya ba. Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu ya ce, "Baba, da gwiwar nan ka sauko da shi?" Na ce da wace zan sauko da shi, ta aro? Ya ce yanzu ya yarda, don wannan ita ce muryar Baba Alhaji ta gaskiya. Ya ajiye takalmin ya durƙusa a gabana ya ce in shirya hoton fasfo.

Na je a shekarar. Ga abin da na gano, don amfanin na baya: tsakanin Safa da Marwa a shafe yake sumul, a cikin inuwa, ga iska mai sanyi. Dutsen Arfa kuma bai kai ƙugun namu ba, kuma malaminmu ya ce ba dole ba ne a hau shi. Na hau duk da haka, don in samu abin faɗa wa wani. A gaban Ɗakin Allah na cika wa gwiwata alkawari. Na yi wa iyayena addu'a, na yi wa Ma'aikaci, na yi wa Bawa ma, amma a hankali, kada wani ɗan Bakura ya ji ya kai masa.

Ranar da na dawo gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Bawa ya iso a makare, yana ɗan ɗingishi, da wani ƙunshi a hammata. Ya ce bai iya zuwa hannu sake ba. Ya kwance a gaban jama'a, sai ga sabon akumarin jaki, ɗinkin Bakura, an cusa shi da kyau. Na karɓa na yi godiya, don ba a mayar da kyautar bawa.

Shi ne wanda kuke gani ina zaune a kai a bakin teburina. Yana da taushi ƙwarai, kuma gwiwa tana jin daɗinsa. Wanda ya ƙara tambayata dalili, ƙashi zan auna masa.